Ayan mai daidaita zafi: yadda yake aiki, da abin da ya sa ƙara masa wuta ba ya gyara waya

Idan wayarka ta daina caji a Kunci ko Shuwaki, zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka miƙa wa mai gyara na bakin kasuwa, ko ka haɗa kuɗin mota ka shiga Kano, Fam Santa ko titin Beirut, ka ɓata yini guda. Galibi na farkon ake zaɓa, musamman da damina da noman gero da gyaɗa ba sa jiran kowa. Wayar nan kuwa a cikinta asusun bankinka yake, da lambobin abokan ciniki, da hotunan iyali. Duk waɗannan sun rataya ne a kan wani ɗigon ƙarfe da bai kai ƙwayar gero girma ba, da kuma hannun wanda zai narka shi.

Kayan aikin da ake narka ɗigon nan da shi, shi ne ayan. A da wanda aka sani shi ne wanda ake jona wa wuta kawai ya yi ta zafi. Yanzu a shagunan gyara da yawa za ka ga wani akwati a kan tebur, da maɓalli ko lambobi masu haske, ayan ɗin yana jone a jikinsa. Wannan ita ce na'urar liƙi mai daidaita zafi. Ko kai mai gyara ne, ko ɗan koyo, ko mai kai gyara, akwai abu guda da ya kamata ka sani game da ita: idan liƙi ya ƙi kamawa, murɗa maɓalli zuwa ƙarshe ba kasafai yake zama magani ba. Sau da yawa ma shi ne yake kashe wayar da bakin ayan ɗin baki ɗaya. Bari mu bi dalilin a hankali.

Me ke faruwa idan ana liƙi?

Wayar liƙi, wadda masu gyara ke kira lid, gami ce ta ƙarafa. Ta gargajiya kuza ce da dalma. Kuza ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: tun kafin zuwan Turawa ana haƙo ta ana narka ta a Ririwai, can kudancin Kano, kafin a zo ga manyan ma'adinan Jos.

Kuza zalla tana narkewa a digiri 232 na ma'aunin Salsiyas (duk digirin da za mu ambata na wannan ma'aunin ne), dalma zalla kuma a 327. Abin mamakin shi ne, idan ka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, gamin yana narkewa a digiri 183, ƙasa da kowannensu. Shi ya sa za ka ga an rubuta 63/37 ko 60/40 a jikin ƙullin lid. Na 60/40 yana fara narkewa a 183, ya gama zama ruwa wajen 190.

Daga 1 ga Yulin 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a yawancin kayan lantarki, kamfanoni kuma suka koma lid marar dalma. Wanda ya fi yaɗuwa yana da kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, jan ƙarfe kashi 0.5, yana narkewa tsakanin digiri 217 da 220. Wato kusan duk wayar da ke aljihun mutane yau da irin wannan aka liƙe ta daga kamfani, kuma ya fi tsohon buƙatar zafi da sama da digiri 30.

Liƙi ya bambanta da manne abu da gam. Idan lid ya narke a kan jan ƙarfe mai tsabta, kuzar da ke cikinsa tana cin saman jan ƙarfen kaɗan, su haɗu su samar da wani siririn gami a tsakaninsu, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wannan gamin shi ne riƙon. Idan zafi bai isa ba, ba zai samu ba, sai lid ya dunƙule a sama kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza. Yau ya yi aiki, gobe a kan babur ya saki. Idan kuma zafin ya yi yawa ko ya daɗe, gamin ya yi kauri ya zama mai saurin karyewa, gam ɗin da ke riƙe da layukan jan ƙarfe a jikin fanel shi ma ya saki, layi ya ɗago. Duk mai gyara ya san ranar da layin wajen caji ya biyo bakin ayan, aikin minti goma ya zama na yini.

Saura man liƙi, wanda a kasuwa ake ce wa fes. Asalinsa ƙaron itacen fayin ne. Aikinsa cinye tsatsar da ke saman ƙarfe don lid ya samu wurin kamawa. Akwai shi a cikin ramin wayar lid ɗin kanta. Idan baki ya yi zafi fiye da kima, man yana ƙonewa ya tashi hayaƙi kafin ya yi aikinsa.

Tsananin zafi daban, yawan zafi daban

Nan ne gaɓar da mutane da yawa ke ruɗewa. Ka taɓa tsayawa a maƙera tartsatsi ya faɗo maka a hannu? Tartsatsin nan ya fi ruwan shayi tsananin zafi sau da yawa, amma da ƙyar za ka ji shi. Kofin shayi kuwa, da bai wuce digiri 100 ba, idan ya zube maka sai ka yi jinya. Tartsatsi yana da tsananin zafi, amma abin da ya ɗauko kaɗan ne. Shayi yana da yawan zafi.

Lambar da ke jikin akwatin tsanani take nuna maka. Abin da wurin liƙi yake buƙata kuwa shi ne zafi mai yawa ya kwarara cikinsa da sauri. Fanel ɗin waya hawa-hawa ne, da shimfiɗun jan ƙarfe a ciki, jan ƙarfe kuma gwani ne wajen janye zafi. Ƙafafun wajen caji a irin wannan shimfiɗa suke zaune. Da ka ɗora siririn baki mai tsini kamar allura, fanel zai shanye ɗan zafin da ke tsinin nan take, lid ya ƙi narkewa, alhali akwati yana nuna 350. Sai mai gyara ya murɗa zuwa 450. Tsinin dai bai ƙara faɗi ba, hanyar da zafi ke bi tana nan a ƙuntace, amma yanzu man liƙi yana ƙonewa, baki yana baƙi, duk ƙaramin abin da ya taɓa kuma yana gasuwa.

Maganin abu uku ne: baki mai faɗi daidai da wurin, baki mai tsabta da lid a jikinsa, da na'ura mai ƙarfin mayar da zafin da aka zuƙe.

Bambancin ayan na jonawa da mai akwati

Ayan na jonawa, irin mai wat 30 ko 40 ko 60, ba shi da ido. Yana zuba zafi iri ɗaya ko kana aiki ko ba ka yi. Idan ka ajiye shi, zafinsa yana ta hawa har ya kan wuce digiri 400. Idan ka ɗora shi a babban wuri, ya faɗo ƙasa ya daɗe bai farfaɗo ba.

Ga kuma matsalar wuta. A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma duk wanda ke ƙauye ya san takan zo da rauni, ƙaramin janareta kuma yana hawa yana sauka. Ƙarfin ayan yana bin bolt ne ninki biyu, wato bolt sau bolt. Idan wuta ta sauko 180, ayan mai wat 40 zai koma kamar wat 24, kashi 61 cikin ɗari ke nan na ƙarfinsa. Idan ta hau 250, ya haura wat 47. Ka ga ayan ɗaya, hannu ɗaya, amma aikin safe daban, na yamma daban.

Na'ura mai daidaita zafi tana da abubuwa uku da ke aiki tare: hita mai ba da zafi, ma'auni da ke jin zafin baki, da wata 'yar da'irar lantarki a cikin akwati da ke kwatanta abin da ma'auni ya ji da lambar da ka saita. Idan zafi ya gaza, ta buɗe wa hita wuta; idan ya kai, ta rage ko ta yanke. Haka take yi ba tsayawa. Ɗan fitilar da ke ƙyaftawa a gaban akwati shi ke nuna maka wannan: idan ya tsaya a kunne hita na aiki, idan ya fara ƙyaftawa an kai zafin da ake so. Kamar mai tuyar ƙosai ce da ke tura itace tana janyewa gwargwadon yadda ta ga mai, sai dai ita na'ura ba ta gajiya.

Saboda haka wat ɗin da aka rubuta a jikin irin wannan na'ura ba ya nufin za ta fi zafi. Mai wat 70 da mai wat 40 duk za su tsaya a 330 idan nan ka saita su. Bambancin shi ne mai wat 70 ta fi saurin dawowa idan fanel ya zuƙe zafi.

Iri uku da za ka iya haɗuwa da su

Wani injiniyan Jamus, Ernst Sachs, ya yi rajistar ayan mai aiki da lantarki a 1921, kamfaninsa Ersa yana nan har yau. Dabarar daidaita zafi ta shahara ne wajen 1960 da ayan ɗin kamfanin Weller na Amurka mai suna Magnastat, wanda ya dogara da wani abu da masanin Faransa Pierre Curie ya bayyana a 1895: ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa yana daina kamuwa idan ya kai wani zafi, baƙin ƙarfe misali a digiri 770. Sai aka sa wani ɗan gami a gindin baki. Yana sanyi maganaɗisu ya kama shi ya rufe makunni. Yana kai zafinsa ya saki, wuta ta yanke. A wannan iri babu maɓalli, baki ake sauyawa idan ana son sauya zafi.

Iri na biyu shi ne wanda ya cika kasuwanninmu: samfurin 936 na kamfanin Hakko na Japan, da ɗimbin na'urorin da aka kwaikwaya daga gare shi, da yawansu ma da lambar 936 ɗin a jikinsu. Maɓallinsa daga digiri 200 zuwa 480 yake. Hitarsa sanda ce siririya, ma'auni na cikinta, baki kuma ana zura shi a kanta kamar hula. Rauninsa shi ne akwai 'yar iska tsakanin hita da baki, don haka ma'auni yana jin labarin sanyin baki a makare. Idan bakin jabu ne mai faɗin rami, jinkirin ya ƙaru.

Iri na uku shi ne wanda hita da ma'auni da baki duk abu guda ne, irin su T12. Ma'aunin yana dab da tsini, shi ya sa cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake kai zafi, kuma yana jin taɓawar fanel nan da nan. Ma'aunin nasa wayoyi biyu ne na ƙarafa daban da aka haɗa bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki da ake iya aunawa, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Bakin ya fi tsada, amma da shi za ka iya aiki a lamba ƙasa da ta 936.

Wace lamba za ka saita?

Ga lid mai dalma, fara daga 300 zuwa 330. Ga marar dalma, 340 zuwa 370. Idan ka ga kana buƙatar wuce 400 don aikin waya ko rediyo ko fitilar sola, tsaya ka duba baki, matsalar ba a lamba take ba.

Ka zaɓi baki mafi faɗi da zai shiga wurin ba tare da ya taɓa maƙwabta ba. Mai kama da kurfi ko mai kama da wuƙa sun fi mai tsinin allura ba da zafi, domin gefensu yana kwanciya a kan ƙarfe. Mai tsini na wuraren da babu yadda za a yi ne.

Sannan ga tsarin aikin. Cire batir tukuna. Shafa man liƙi kaɗan. Ɗiga ɗan lid a baki, domin wannan ɗigon shi ne gadar da zafi ke bi. Busasshen baki a busasshen ƙarfe da ƙyar yake isar da komai. Ɗora baki ya taɓa ƙafar abin da layin fanel a lokaci guda. Kawo lid ta ɗaya gefen, ya narke a jikin wurin. Janye lid, sannan ka janye ayan, kar ka motsa wurin har ya daskare. Ƙaramin wuri daƙiƙa 2 zuwa 4 ya ishe shi. Idan bai kama ba, ɗaga, bari ya huce, ƙara mai, ka sake. Kar ka danna da ƙarfi, dannawa ba ta ƙara zafi, layi kawai take ɓamɓarewa.

Idan za ka cire tsohon wajen caji da aka liƙe da lid marar dalma, akwai dabarar da ta fi ƙara wuta: narka sabon lid mai dalma a kansa. Suna gauraya, zafin narkewar ya sauko, abin ya fita cikin sauƙi. Ka share gaurayen ka zuba sabo kafin ka ɗora wani.

Liƙi mai kyau yana kwanciya ne ya hau ƙafar abin a hankali kamar gangaren tudu. Na dalma yana sheƙi. Marar dalma yakan fito da ɗan dishi-dishi ko da ya yi kyau, kar wannan ya sa ka yi ta maimaita shi.

Baki shi ne jarin

Bakin ayan na zamani ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. Cikinsa jan ƙarfe ne saboda saurin kai zafi. An lulluɓe shi da siririn baƙin ƙarfe, domin narkakkiyar kuza tana cinye jan ƙarfe idan ta same shi tsirara. Can sama kuma an shafa wani ƙarfen da lid ba ya kamawa, don kar ya riƙa hawa.

Wannan ya sa al'adar da aka gada daga masu liƙin gwangwani da lagireto, ta goge baki da magagari ko sanfefa, take kashe bakin zamani. Nasu dunƙulen jan ƙarfe ne da ake gasawa a gawayi, gogewa ba ta rage shi da komai. Naka kuwa da ka kankare lulluɓin, kuza ta samu ƙofa, cikin ɗan lokaci ka ga rami a tsini. Bakin da ya yi rami ya gama, sai sabo.

Babban abokin gabar baki shi ne tsatsa. Baƙin ƙarfe mai zafi idan ya haɗu da iska yana yin baƙin ɓawo, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin yin sa. Ɓawon nan lid ba ya kama shi, zafi ma ba ya ratsa shi sosai. Daga nan sai a shiga zagaye: baki ya yi baƙi, liƙi ya ƙi, a ƙara wuta, baki ya ƙara baƙi. Hanyar fita daga zagayen ita ce:

Kar ka taɓa ajiye baki tsirara. Ka goge shi lokacin da za ka fara liƙi, amma lokacin da za ka mayar da shi mazauninsa ka lulluɓe shi da lid. Haka ma kafin ka kashe na'ura da yamma. Lid ɗin ne zai yi tsatsar a madadin baki.

Sabon baki, ka saita zafi ƙasa, wajen 250, ka naɗa masa lid tun yana ɗumi, ya zama lid ne farkon abin da ya taɓa shi.

Idan babu aiki na minti biyar ko goma, sauke lamba zuwa 200 ko ka kashe. A shagon da mai gyara ke hira da jama'a rabin yini, wannan kaɗai yana ƙara wa baki kwana sosai, ya kuma rage shan mai ko batir.

Wajen gogewa, soson tagulla ya fi, domin ba ya sanyaya baki. Idan soson ruwa kake da shi, ka matse shi ya zama danshi kawai. Ka yi amfani da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, wanda babu asid a ciki, domin ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a jikin baki. Soson wanke tukunya na baƙin ƙarfe kuwa yana kankare lulluɓi.

Idan baki ya riga ya yi baƙi, sauke zafi zuwa wajen 280, ka yi ta ba shi lid mai man liƙi kana gogewa a soson tagulla har ya dawo fari. Kar ka narka roba ko leda da shi, kar ka ɓamɓare abu da shi, kar ka ƙwanƙwasa shi a tebur don zubar da lid, hitar tangaran da ke ciki tana tsagewa. A samfurin 936, lokaci-lokaci idan ya huce ka kwance baki ka zazzage ɓawon da ke taruwa a raminsa, in ba haka ba wata rana ya manne da hita.

Sola, hunturu da wayar ƙasa

Ga mai aiki a inda wuta ba ta zama, akwai labari mai daɗi. Na'urori masu bakin T12, da ƙananan irin su TS100 da Pinecil, da wutar batir suke aiki, daga bolt 12 zuwa 24, ba sai an bi ta inbata ba. Amma ka yi lissafi. Hitar T12 tana da turjiya ta kusan om 8, ƙarfinta kuma bolt sau bolt ne a raba da om. A bolt 24 za ka samu wat 72. A bolt 19 na cajar kwamfutar cinya, wat 45. A batirin sola guda mai bolt 12, wat 18 kacal. Zai kai lambar da ka saita, amma da ya taɓa babban wuri sai ya kasa. Batir biyu a jere, ko 'yar na'urar ɗaga bolt, ita ce mafita. Ka fara duba iyakar bolt da aka rubuta a jikin taka, domin batir biyu da suka cika suna wuce 24. Bulowa mai hura iska mai zafi lissafinta daban, irin su 858D suna jan wajen wat 700.

Sai hunturu. Ka san yadda mayafi ke tartsatsi da dare a watan Janairu, ko ƙofar mota ta ɗan ja ka. Wannan lantarkin gogayya ne, yana taruwa a jiki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan ayisi ƙasa da bolt 100 yana iya lalata su. Ma'ana kana iya kashe fanel ba ka ji komai ba. Na'ura mai kyau an haɗa bakinta da ƙafa ta uku ta fulogi don ya zubar da irin wannan caji a ƙasa. To amma idan soket ɗin shagonka waya biyu ce kawai, ko an karya ƙafa ta ukun, kariyar nan babu ita. Ka sa mai wayarin ya kafa maka sandar ƙasa a wuri mai danshi ya jawo waya zuwa teburinka. Ka gwada da mita, na'ura a kashe a cire daga wuta: daga baki zuwa ƙafa ta uku bai kamata ya wuce om 5 ba. Abin ɗaurawa a hannu na zubar da caji yana da turjiya ta om miliyan 1 a cikinsa don kare ranka, saboda haka kar ka maye gurbinsa da waya zalla.

Ƙurar hunturu ma tana shiga akwati ta toshe ramukan iska. Rufe shi da ƙyalle idan ya huce, ka riƙa hure shi.

Shin lambar gaskiya take faɗa?

Na'urori masu araha sukan yi kuskuren digiri da yawa, kuma sauya baki ko hannun ayan yana sauya lissafi. Idan mitarka tana da wayar auna zafi, ɗiga lid a baki ka nutsa kan wayar a ciki, ka jira lamba ta tsaya. Yawancin akwatuna suna da ɗan rami ko wani zaɓi a maɓallai na gyara saiti.

Idan babu, lid ɗin 63/37 na kirki zai ba ka haske, tunda a 183 yake narkewa cak. A na'urar da ke sauka ƙasa da haka, fara daga 170 kana ƙarawa kaɗan-kaɗan kana jira. Idan ya narke tsakanin 180 da 195, lafiya. A samfurin da ya fara daga 200, ya kamata ya narke a lamba mafi ƙasa. Idan sai ka kai 240, ko dai na'urar tana ƙara lamba, ko lid ɗin ba abin da aka rubuta ba ne. Kuza ta fi dalma tsada sosai, don haka lid mai araha yakan zo da dalma fiye da kima, kuma gamin 40/60 ba ya gama narkewa sai sama da digiri 230. Idan lid yana yin kamar tuwo maimakon ya gudana, kafin ka zargi na'ura sauya ƙulli.

Lafiyarka da ta yaran gida

Hayaƙin da ke tashi na man liƙi ne, domin dalma ba ta tafasa sai a wajen digiri 1,750. Amma hayaƙin ƙaron nan sananne ne wajen jawo asma ga masu shaƙarsa kullum. Kar ka sunkuya a kansa. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 da ke janye shi zuwa taga ta wadatar.

Dalma ta hannu take shiga, daga hannu zuwa baki. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Abin da ke teburin mai gyara bai kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma a jikin yaro ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kar ka riƙe lid da haƙori, abin da 'yan koyo da yawa ke yi idan hannu biyu ya cika. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro. Tara ɓurɓushin lid a gwangwani mai murfi, kar a share shi zuwa inda yara ke wasa ko kaji ke kiwo. Batirin waya kuma, kar bakin ayan ya kusance shi, yana iya kamawa da wuta.

Idan kai mai kai gyara ne, yanzu ka san abin dubawa kafin ka miƙa wayarka. Leƙa bakin ayan ɗin: fari ne yana sheƙi, ko baƙi ƙirin? Leƙa lambar: tana wajen 330 zuwa 370, ko an murɗe ta ƙarshe? Ya cire batir kafin ya fara? Idan kuma kai ne mai gyaran, gobe da safe sauke lambarka da digiri 30, sa baki mai faɗi, ka lulluɓe shi da lid duk lokacin da za ka ajiye. Yi haka mako guda ka ga yadda aikin zai kasance, sannan ka rubuto mana abin da ka gani.